Ɗalibi ya ji rauni: wa zai tsaya masa a ƙofar asibiti?

Ranar Juma'a 9 ga watan Fabrairu na 1990, ɗaliban Jami'ar Yamai suka taso daga Harobanda, suka nufi cikin gari domin kai kukansu ga gwamnatin Janar Ali Saibu. A gadar Kenedi jami'an tsaro suka buɗe musu wuta. Uku suka rasu, wasu da dama suka jikkata. Bayan shekaru 27, ranar 10 ga Afrilu na 2017, wani ɗalibi, Mala Bagale, ya rasa ransa a tarzomar da ta ɓarke a jami'ar. Kowace shekara ƙungiyar USN tana tunawa da mamatan. Amma akwai maganar da ba a cika tayarwa ba: in ɗalibi ya faɗi cikin jini, wa ke ɗaukarsa, ina za a kai shi, wa zai biya?

Ba ranar zanga-zanga kaɗai ake jin rauni ba. Akwai haɗarin kabu-kabu, da sara ko sukar ɓarayi da dare, da faɗa tsakanin ɗalibai, da fyaɗe, wanda kunya ke sa a ɓoye shi.

A Yamai, asibitin Lamorde yana gefen kogi ɗaya da jami'a, babban asibitin ƙasa kuwa yana tsallake. Har zuwa 2011, gadar Kenedi ce kaɗai ta haɗa ɓangarorin biyu, saboda haka in an toshe ta, mai rauni ya rasa hanya. Yanzu gadoji uku ne. Tun 2010 kuma Maraɗi da Damagaram da Tawa suka sami nasu jami'o'i. Hanya ta yi sauƙi, amma babbar matsalar tana nan: ɗalibi baƙo ne. Iyayensa suna Tasawa ko Magarya ko Madawa, aljihunsa kuma ya dogara ga bursin da kan yi jinkiri.

A asibiti akan miƙa wa mai jinya takardar magani ya je ya sayo safar hannu, da zaren ɗinki, da ruwan ƙari. Hoton ƙashi ma da kuɗinsa. In ana bukatar jini, akan nemi dangi su bayar. Magani kyauta da aka soma a 2006 ya shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5 da masu haihuwa ta tiyata. Saurayi ɗan shekara 22 ba ya ciki. Kafin abokai su yi karo-karo su haɗa jika goma, jini yana ta zuba.

Likitoci kuwa sun daɗe suna faɗin cewa sa'ar farko ita ce ke raba rai da mutuwa. A danne wurin da ke zubar da jini da tsabtataccen ƙyalle, kada a saki. Wanda ya bugu a kai ko a wuya ko a baya, kada a ɗora shi kan babur. A kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Kada a ba shi ruwa ko abinci, domin wataƙila a yi masa tiyata. Wanda ya suma ya farfaɗo, ko yake amai bayan bugun kai, a kai shi ko da ya ce ya warke. Ita kuwa ɗalibar da aka yi wa fyaɗe, sai ta ga likita kafin awa 72 su cika, domin a cikinsu ne maganin kariya daga ƙwayar cutar sida yake aiki. Duk wanda aka ci zarafinsa ya nemi takardar shaidar likita, don da ita ake kai ƙara kwamisariya ko jandarmari.

Gyaran ba ya fi ƙarfin kowa ba. Hukumomin kula da jin daɗin ɗalibai suna iya ƙulla yarjejeniya da asibitoci: a yi magani tukuna, lissafi ya biyo baya. Ɗakin shan magani na jami'a ya kasance a buɗe dare da rana, da mota mai lafiya da mai a cikinta. Kowane ɗalibi ya riƙe kati mai ɗauke da rukunin jininsa da sunan wanda za a kira. Jami'an tsaro da masu zanga-zanga duka su bar wa motar asibiti hanya.

Iyaye ma da nasu rabon. Ɗan kasuwar da ya tura ɗansa karatu Yamai, ko ma'aikacin da ƴarsa ke Damagaram, ya nema musu mai masauki na amana, wanda zai tashi tsakar dare in an buga masa waya, a kuma ajiye ƴan kuɗi a hannunsa saboda irin wannan rana. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. An yi shekaru ana ɗawainiyar yaro har ya kai jami'a. Bai kamata a rasa shi a ƙofar asibiti saboda kuɗin zaren ɗinki ba.