Yadda Dubai Ta Koyi Ƙera Tauraron Ɗan'adam

Batun kimiyya na wannan mako a kan wata tambaya yake wadda ta daɗe tana damun ƙasashe masu tasowa, watau in ƙasa ta sayi na'ura daga waje, ta yaya sanin ƙera na'urar zai zauna a hannun 'ya'yanta? Birnin Dubai, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya bi wata hanya da ta isa a tsaya a dube ta.

Mutanen Dubai sun taɓa ɗanɗana abin da dabarar wasu ke yi wa wanda bai iya ta ba. A zamanin da, babbar sana'arsu ita ce nutso cikin teku su ɗebo lu'ulu'u. Sai Japanawa suka gano yadda ake kiwon halittar ruwan da ke yin lu'ulu'un, suka cika kasuwa da shi da arha, har a cikin shekarun 1930 sana'ar nutso ta durƙushe, talauci ya sauka. An sami man fetur a 1966, aka fara fitar da shi a 1969, amma fa bai kai yawan na maƙwabciyarsu Abu Dhabi ba, masu mulki kuwa sun san kowace rijiyar mai tana da ranar ƙafewa.

To, a 2006 gwamnatin Dubai ta kafa wata cibiya ta kimiyya, wadda a 2015 ta koma cikin Cibiyar Sararin Samaniya ta Mohammed bin Rashid. Da suka tashi neman tauraron ɗan'adam mai ɗaukar hoton ƙasa, sai suka ƙulla da kamfanin Satrec Initiative na Koriya ta Kudu, bisa sharaɗin samarin injiniyoyinsu su tafi can su zauna, a yi aikin tare da su. Kamar dai yaron maƙeri ne: da zuga yake farawa, sa'an nan a miƙa masa guduma.

Tauraron farko, DubaiSat-1, an harba shi a 2009, yawancin aikin kuwa Koriyawa suka yi. A na biyu, wanda aka harba a 2013, rabon samarin ya ƙaru ƙwarai. Na uku, KhalifaSat, a Koriya aka fara shi, amma a Dubai 'yan ƙasa suka ƙarasa shi, aka harba shi daga Japan a 2018.

Daga nan suka ɗaga kai ga duniyar Mars. Umurnin da aka ba su shi ne su ƙera kumbon, kada su saye shi. Suka haɗa gwiwa da jami'o'i uku na Amurka, aka harhaɗa kumbon, mai suna Al-Amal, watau Fata, a Jami'ar Kolorado. Ya tashi a watan Yuli 2020, ya fara kewaya Mars ran 9 ga Fabrairu 2021, don auna yanayin iskarta.

Nijeriya ma ta taka irin wannan hanya. Wani kamfani na Surrey a Ingila ya ƙera mata NigeriaSat-1 a 2003, ya kuma koyar da injiniyoyinta, har su da kansu suka haɗa NigeriaSat-X a can, aka harba shi a 2011.

Amma fa akwai sauran tafiya. Duk waɗannan na'urori da rokokin wasu ƙasashe aka ɗaga su sama. Har ila yau, injiniyan da ya komo gida bai tarar da ɗakin gwaji ba, ko aikin da zai sa hannu, ko dai sanin ya dushe, ko kuwa shi ya koma inda ake bukatarsa. Abin da ya taimaki Dubai shi ne kafin a gama aiki ɗaya an tsara na gaba, wanda ya fi shi wuya, an kuma gina wurin yinsa a gida.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Saboda haka duk ƙasar da za ta sa hannu a takardar sayen na'ura, ya kamata ta tambaya tukuna: mutum nawa za a koyar, wane sashe za su ƙera da hannunsu, kuma wane aiki ke jiransu ranar da suka komo?