Tsohon Haske da Hazon da Ke Tsakanin Taurari

A shekarar 1965 ne masana biyu na kamfanin Bell a Amurka, Arno Penzias da Robert Wilson, suka bayyana cewa eriyarsu tana ɗauko wata 'yar ƙara maras yankewa daga kowace kusurwa ta samaniya, wadda da fari suka ɗora alhakinta a kan kashin tantabarun da suka yi sheƙa a ciki, har suka share shi, amma ƙarar ba ta gushe ba. Jamhurun malaman falaki sun tafi a kan cewa wannan sauran haske ne da ya kuɓuta tun halitta tana da shekara kamar 380,000, ya yi ta hucewa a tafiyar shekara biliyan 13.8, har zafinsa ya koma daraja 2.7 kacal bisa matuƙar sanyi.

To, hanyar da ya biyo ba kango ba ce. Tsakanin gungun taurari da ɗan'uwansa akwai wata siririyar iska da ake kira filasma, wadda tsananin zafi ya raba ƙwayoyin zarrarta da lantarkinsu, kuma tana ɗauke da ƙarfin maganaɗisu, ko da yake raunanne ne ƙwarai in aka gwada shi da na ƙasarmu.

Nan saɓani ya shigo. Hannes Alfvén, mutumin Suwidin da ya sami lambar Nobel a 1970 saboda ilmin filasma, bai gamsu da ƙaulin jamhuru ba; daga bisani Eric Lerner ya yi da'awar cewa zaruruwan filasma masu maganaɗisu ne suke haɗiye haske suna watsa shi, tamkar yadda hazon hunturu yake baje hasken rana har idonta ya ɓace. Magana ce mai daɗin ji, sai dai hujja ba ta goya mata baya ba, domin awon da kumbon COBE ya kawo a 1990 ya dace da lissafin jamhuru dacewar da hazo, mai kauri nan da sirantaka can, zai yi wuyar samarwa.

Amma fa filasmar tana barin tambarinta. Masana Sunyaev da Zeldovich na Tarayyar Sobiyet sun riga sun nuna cewa hasken da ya ratsa ta yakan ƙara ɗan ƙarfi, kuma da wannan alama kumbon Planck ya gano gadar iska mai zafi tsakanin tarin gungun taurari guda biyu, Abell 399 da Abell 401. A 2019 eriyoyin LOFAR na Turai suka jiyo amon rediyo daga wannan gada mai tsawon tafiyar haske ta shekara miliyan 10, shaidar cewa akwai maganaɗisu a cikinta.