Kafin zafin Yamai ya cinye faya-fayanmu

A gidaje da yawa na Yamai, daga Bukoki har Talaje, akwai kwalin da aka tura ƙarƙashin gado ko aka ɗora bisa kabad, cike da faya-fayan fim. A cikin nawa akwai Sangaya da Wasila, da tarin barkwancin marigayi Rabilu Musa Ibro, da Sholay na Indiya, da faifan bikin ƙanwata. Wasu a Babbar Kasuwa na saye su, wasu a Katako, wasu kuma ƴan uwa suka zo mini da su daga Maraɗi. Mun ɗauka tunda suna ajiye suna nan lafiya, alhali lalacewa suke yi a hankali.

Galibin abin da aka sayar mana ba bugun masana'anta ba ne, faifan da aka ɗora wa fim a shago ne. Irin wannan yana riƙe hoto da sauti a kan wani siririn shafe na sinadari, shi ya sa ƙasan DVD ɗin yake da launin shuni. Zafi da hasken rana suna kashe sinadarin nan, kuma kowa ya san Yamai a watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya fi haka. Ga ƙurar hunturu da ke karce faifai duk lokacin da aka goge shi da bakin riga. Faifan VCD ma karcen bayansa, wajen da ake rubuta suna, ya fi na gabansa illa, domin bayanan suna dab da wannan gefen.

Abin da ya fi damuna shi ne, fina-finan Hausa da yawa ba su da wani gida sai waɗannan kwalaye. Tun Turmin Danya a 1990 ake ta shirya fim a Kano, kamfanoni sun buɗe sun rufe, masu su wasu sun rasu. Wanda ya nemi tsohon fim a YouTube ya san yadda ake ƙarewa: ko a rasa shi, ko a same shi guntu-guntu, hoton ya dushe. Mai yiwuwa faifan da ke hannunki, Hajiya, yana cikin kwafi kaɗan da suka rage.

Aikin ba shi da wuya. Kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu yawanci ba su da wurin sa faifai, don haka sai a sayi ƙaramar na'urar karanta DVD da ake jonawa ta USB. A share faifan da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, kada a bi zagayensa. In VCD ne, wanda ke ɗaukar mega 700 kawai, shi ya sa fim ɗaya ke zuwa a faifai biyu, sai a buɗe jakar da ake kira MPEGAV a kwashe fayilolin da ke ƙarewa da DAT. Manhajar VLC, wadda kyauta ce, tana kunna su kai tsaye. In DVD ne, mai giga 4.7, a kwashe jakar VIDEO_TS ɗungurungum. Faya-fayan asali na Amurka da Faransa suna zuwa da kulle, ba sa kwafuwa ta wannan hanya, amma su ba su ne abin tsoro ba, kamfanoninsu na ajiye da su.

Akwai manhajar HandBrake, ita ma kyauta, da ke matse fim ya koma MP4 na kusan giga 1, ya shiga waya. Tana da amfani, sai dai ra'ayina shi ne a riƙe kwafin farko yadda ya fito, a yi matsattsen daban don kallo. Hoton VCD dama ƙarami ne, in aka sake matse shi fuskoki sukan narke, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. A kuma rubuta wa kowane fayil sunan fim da shekara da kamfani. Nan gaba ƴaƴanmu ba za su gane sunan fayil irin AVSEQ01 ba.

Kwafi ɗaya a kwamfuta bai isa a kira shi ajiya ba. Kwamfuta na faɗuwa, ana sace ta, kuran ya dawo da ƙarfi ya ƙona caja da abin da ke jone da ita. Rumbun ajiya na waje mai tera 1, wanda masu shago ke ce wa disk dur, yana ɗaukar cikakkun DVD kusan 200. A zuba komai a ciki a kai shi wani gida, zai fi kyau a wata unguwa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a Harobanda da Saga ya san ruwa ba ya barin kwali ba ya barin kwamfuta. Kilen USB da katin waya kuwa na kai-kawo ne, ban yarda a damƙa musu amanar shekaru ba.

Sai maganar haƙƙi. Kwafar faifan da ka saya don ajiyar gidanka daban, tura wa jama'a fina-finai a waya kana karɓar kuɗi daban. Satar fasaha irin wannan na cikin abin da ya durƙusar da kasuwar faifai a Kano, kuma a nan gida hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙin masu fasaha. In ka gano kana riƙe da fim da ya ɓace, nemi wanda ya shirya shi ko magadansa ka ba su kwafi.

Ku fara da faifan biki da na suna, domin su babu wanda ke da su sai ku, sannan tsofaffin fina-finan Hausa. Ku sauko da kwalin kafin bazara ta shigo.