Fatar Dashbod: Abin da ke Ɗaye Ta da Gyaran da ke Riƙewa

Duk wanda ya saba zagaya wuraren dillalan mota a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san inda tsufa ke fara bayyana a jikin motocin alfarma. Sau da yawa inji na nan garau, fenti bai dushe ba, kujeru ba su yage ba, amma da ka leƙa ta gilashin gaba sai ka tarar fatar da aka lulluɓe dashbod da ita ta janye daga baki, ta yi bororo a saman mita, ko ta yamutse a gefen ramukan iska. Dillali zai ce maka ai ƙaramin abu ne, gam kawai za a sa. A sa gam ɗin, bazara ta zagayo, fata ta sake tashi, wannan karon har da tabo a jikinta.

Matsalar ba a ƙasashenmu kaɗai take ba. Masu Jeep Grand Cherokee samfurin Overland na 2011 zuwa sama sun daɗe suna kuka da ita a Amurka, haka masu Jaguar XK da Range Rover da Porsche, har da Ferrari, motar da kuɗinta zai gina gidaje. Tsada ba ta kare mota daga wannan ciwo. Hasali ma ita ke jawo shi, tunda motoci masu tsada ake yi wa dashbod na fatar gaske.

Saboda haka tambayar farko ita ce: shin abin da ke kan dashbod ɗin fata ce kuwa? Galibin motocin da ke yawo a titunanmu roba ce mai laushi aka shimfiɗa musu a kan soso, aka buga mata zanen fata, wani lokaci har da ɗinkin ado. Ganewa ba wuya. Ɗaga wurin da ya tashi ka duba bayansa. Fatar gaske bayanta na da gashi-gashi mai laushi, ta roba kuwa yadi za ka gani ko soso. Ita roba nata ciwon daban: sinadaran da ke sa ta laushi ne ke fita da zafi, sai ta dardare, ko ta narke ta riƙa danƙo tana ƙyalli. A ƙarshen 2014 kamfanin Toyota ya tsawaita garanti a Amurka kan miliyoyin motoci saboda wannan, ciki har da Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda 'yan kasuwarmu ke kira Muscle, da Sienna ta 2004 zuwa 2010, da Avalon, da Lexus irin su ES 350 da RX 330 da RX 350. An canja wa mutane dashbod kyauta, amma wa'adin, wanda ya tsaya a ƙarshen watan Mayu na 2017 ko shekara 10 daga ranar da aka fara hawan motar, ya daɗe da wucewa. Waɗanda ba a kai aka canja ba, da yawansu su ne suka biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano da Legas. Irin wannan dashbod ba gam ba fenti da zai cece shi, domin robar ce kanta ke lalacewa daga ciki. Sai dai canji ko rufi.

Idan fatar gaske ce, a duba ko fuskarta ce kawai ke ɓarewa. Fatar mota ba tsirara take ba, an shafe ta da launi, an bi da wani siririn rufi mai kare ta. Turaren mota da ya zube, da ruwan tsaftace hannu mai sinadarin alkohol, da garin sabulun da masu wanki ke zabgawa, duk suna cin wannan rufi har ya fara saɓulewa. Wannan shi ne mai sauƙin gyara: a wanke, a goge da samfefa mai laushi, a cike ƙananan tsagu, a fesa launin fata irin na ruwa, a rufe. Sharaɗi ɗaya ne, rufin ƙarshe kada ya zama mai ƙyalli, don dashbod mai walƙiya hotonsa kan faɗa a gilashi ya hana direba ganin hanya da rana tsaka.

Babban ciwon shi ne fatar da ta rabu da jikin dashbod, kuma a nan ne kusan kowa ke kuskure. Mutane na ɗauka gam ne ya saki. Gam ya saki, gaskiya ne, amma abin da ya sa ya saki shi ne fatar ta tsuke. Fata zare-zare ne na halitta da ke riƙe da ɗan ruwa da ɗan mai a tsakaninsu. Idan zafi ya kore su, zaren sai su matse. Kowane makaɗi ya san haka, shi ya sa yake kara ganga a bakin wuta ko ya ajiye ta a rana idan ta yi sanyi, fatar ta ɗaure, murya ta fito. Fatar dashbod kullum a bakin wutar take, kuma ba mai janye ta.

A wani binciken da aka wallafa a 2018, masana daga Jami'ar Jihar Arizona da Jami'ar Kalifoniya ta San Diyego sun auna motocin da aka ajiye a garin Tempe a ranakun da zafin gari ya kai kusan digiri 38 ko ya haura. Bayan awa ɗaya a rana, iskar cikin mota ta kai kusan digiri 47, dashbod kuwa ya kai kusan 69. Motar da ke inuwa, dashbod ɗinta kusan 48 ya tsaya. To, a Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40 kwana da kwanaki. Kafin nan kuma hunturu ya riga ya shanye danshin iska, bayan nan damina ta dawo da shi. Fata ta sha, ta bushe, ta sha, ta bushe, kuma ba ta komawa daidai girmanta na da. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne robar da ke ƙarƙashinta buɗewa take yi da zafi, a daidai lokacin da fata ke matsewa, gam kuma yana laushi. Shi ya sa ɗayewa ke farawa daga bakin gilashi, inda zafi ya fi taruwa, da wuraren lanƙwasa kamar rumfar mita, inda dama an ja fatar da ƙarfi tun a masana'anta.

Ana yawan ɗora laifin a kan hasken nan mai ƙona fata da ido ba ya gani. A wannan wuri laifinsa kaɗan ne. Gilashin gaba falle biyu ne da siririyar roba a tsakiya, kuma robar na tare kusan duk wannan haske. Zafin ne ke ratsowa. Masu ƙera motoci sun san da haka, shi ya sa da yawansu suka fi son yi wa dashbod fatar da aka jeme ba da gishirin kuromiyam ba. Jimar kuromiyam, wadda ta bazu a duniya tun ƙarshen ƙarni na 19, tana ba da fata mai laushi da ƙarko, amma ta fi tsukewa idan busasshen zafi ya yi ta dukanta.

Wanda ya gane cewa fatar ta gajarce zai gane abin da ya sa ɗura gam ta baki ba ya riƙewa. Mafi muni shi ne sufa gulu. Yana sandarar da fata har ta karye, yana barin farin tabo, kuma wurin da ya taɓa ba ya sake karɓar wani gam. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Gam ɗin masu gyaran takalmi ya fi shi mutunci, sai dai ba don zafin cikin mota aka yi shi ba, yakan yi laushi ya saki. Haka nan shafa man kaɗe ko basilin wai don fata ta yi laushi: rufin da ke fuskarta ba ya barin mai ya shiga sosai, wanda ya gangara ta baki kuwa sai ya jiƙe jikin dashbod, gam ya kasa kamawa. Feshin ƙyalli da masu wankin mota ke yi a ƙarshe don a ga sun yi aiki, shi ma haka yake, saboda silikon da ke cikinsa.

Idan an kama abin da wuri, bororo bai fi tafin hannu ba, kuma fatar ba ta bushe ƙamas ba, ana iya gyara ta a cikin mota. Ana sassauta ta da tururi a hankali, a kankare tsohon gam da ruɓaɓɓen soso, a shafa gam na kujerun mota mai jure zafi a ɓangarori biyu, a bari ya sha iska, sannan a ja a danne daga tsakiya zuwa baki, a ɗora nauyi ya kwana. Idan daga bakin gilashi ne, gwanaye kan cire gilashin gaba ɗungurungum, domin hannu ba ya shiga wannan lungu. A nan kuma sukan naɗe bakin fatar ta ƙasa su kafe shi da ƙananan ƙusoshi inda ido ba ya gani, don kada a bar wa gam shi kaɗai aikin riƙo. A ganina duk mai gyaran da ya ce zai yi maka wannan aiki cikin rabin awa ba tare da ya kwance komai ba, kuɗinka kawai yake so.

Idan fatar ta tsuke da yawa ko ta yi tauri, ba makawa sai an fito da dashbod waje an yi masa sabuwar riga. Aiki ne babba: a cire batir, a sauke sitiyari da mita da rediyo da ramukan esi, a zare wayoyi masu yawan gaske. Mai ɗinkin kujeru shi kaɗai bai isa ba, sai da mai wayarin da ya san motar, in ba haka ba a gama a bar ka da ƙarar ƙwaram-ƙwaram da fitilun gargaɗi.

Nan ne maganar ta tashi daga ado ta koma ta rai. A ƙarƙashin dashbod, gefen fasinja, akwai jakar iska. Tun samfurin 1998 dokar Amurka ta wajabta ta a kowace sabuwar ƙaramar mota, don haka kusan duk motar alfarmar da muke magana a kai tana da ita. Jakar kan fito cikin ƙasa da ƙiftawar ido, da gudun da kan kai kilomita 300 a awa. Don ta samu hanya, masana'anta kan raunana murfinta ta ciki, su yi wa roba da fata tsaga ko ƙananan huji a layin da ake so ya yage. Daga waje ba ka ganin komai. Idan mai gyara ya shimfiɗa fata mai kauri a kan wurin, ya malala gam, ya yi ɗinki biyu don kyau, to ya rufe ƙofar. Ranar hatsari jakar na iya makara, ko ta fita a karkace, ko ta ɓalle murfin ta jefi fasinja da shi. Kafin a yi ciniki, a tambayi mai gyara yadda zai yi da wurin jakar iska. Wanda ya yi shiru ko ya ce ba komai, a ɗauki mota a yi gaba. Bayan aiki kuma a murɗa makulli a duba: fitilar jakar iska ta kama, ta yi 'yan daƙiƙoƙi, ta mutu. Idan ba ta kama ba sam, wataƙila an kashe ta ne don ɓoye matsala.

Wani zai ce, mu da muke da majema da dukawa, da fatar jar akuyar Sakkwato da Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko, me zai hana a yi da tamu? Fatar akuya ta yi ƙanƙanta ga faɗin dashbod, sai an yi ta haɗi. Jimar bagaruwa kuma, duk kyanta a jaka da takalmi da sirdi, launinta na sauyawa a rana. Akwai kuma maganar mai: fatar da ba a yi don mota ba, idan ta sha zafi takan fitar da tururin da ke kwanciya a gilashi kamar hazo. Fatar saniya ake bukata, siririya wadda ba ta wuce milimita ɗaya da ɗan abu ba, wadda aka jeme don wannan aiki. Tamu ta shanu kuwa, mafi yawanta a tukunya take ƙarewa a matsayin ganda. Wannan giɓi ne da masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da cibiyar binciken fata ta Zariya ya kamata su duba. Kafin nan, roba mai inganci ta kujerun mota ta fi fata mara inganci daɗewa a ƙarƙashin ranarmu, ko da masu son alfarma ba za su so jin haka ba.

Saura hanyoyi biyu. Ana iya neman dashbod na hannu a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo ko Ladipo, amma shi ma shekarunsa ɗaya da naka, ya sha tasa ranar. A duba bakinsa da kyau, a tabbatar ba na motar da jakarta ta taɓa fashewa aka like ba ne, kuma ba na motar Ingila ko Japan mai sitiyari a dama ba. Ko kuma a sayi shimfiɗar dashbod ta yadi, ko murfin roba da aka ƙera daidai samfurin motar. Ba gyara ba ne, sutura ce, amma tana da araha, tana tare rana, kuma ga tsohuwar mota ta fi hankali a kan kashe kuɗin da ya kusa na gyaran inji. Ita ma dole a bar wa jakar iska da ramukan iska hanyarsu.

Wanda fatar dashbod ɗinsa ba ta fara tashi ba, bambancin digiri 69 da 48 ya ishe shi dalilin neman inuwa. Inda ba rumfa ba bishiya, a sa labulen gilashi mai ƙyalli, a juya wa rana bayan mota, a goge dashbod da tsumma mai ɗan danshi kawai, a kuma hana masu wanki yin feshi. Mai shirin saye kuma ya je duba mota da rana tsaka, ya ɗaga duk shimfiɗar da ya tarar a kan dashbod, ya bi bakin gilashi da yatsa yana dannawa. Idan ya ji wuri ya lotsa ko ya ga tabon gam, ya tambayi kuɗin fito da dashbod da sake lulluɓe shi, ya cire shi daga farashin kafin ya ce ya saya.