Ina Abincin Da Kake Zuba Wa Kaji Da Kifi Yake Tafiya?

Yau maganarmu za ta ɗan shiga aji, amma ku daure ku bi ni har ƙarshe, domin magana ce ta aljihu.

Duk wanda ya fara kiwon kaji ko kifi, abin da ke fara gigita shi shi ne kuɗin abinci. A lissafin da aka saba, abinci kaɗai yakan cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da za ka kashe. Shi ya sa tambayar da aka fi yi mini ita ce: "Malam, abinci iri ɗaya muke saye ni da wane, amma nasa sun fi nawa girma. Ko dai algus aka yi mini?" Wani lokacin algus ɗin ne. Amma sau da yawa amsar tana cikin jikin dabbar.

Abinci ba ya zama nama kai tsaye. Sai an narkar da shi, sannan a ƙone wani ɓangare a samu ƙarfi, jiki ya fara biyan bukatunsa na rayuwa, abin da ya yi saura shi ne naman da za ka sayar ko ƙwan da za ka kwasa. Aikin makiyayi shi ne ya sa saurar nan ta yi yawa.

MA'AIKATAN DA BA A GANI

Ƙwayar masara ta fi ƙarfin ta shiga jini yadda take. Kaza ba ta da haƙori, sai ƙundu ya niƙa ta. To amma niƙa kaɗai ba ta isa ba, sai wasu sinadarai da jiki ke haɗawa da kansa sun farfasa abincin zuwa ƙanana ƙwarai. Su ake kira enzayim.

Ka ɗauki enzayim kamar makulli, abinci kuma kwaɗo. Kowane makulli da kwaɗonsa. Amilez shi ke fasa sitacin masara da dawa ya mai da shi sukari. Fefsin da tirifsin su ke daddatsa furotin na waken soya da garin kifi. Lifez kuma mai yake yi wa aiki. Idan makulli ɗaya ya ƙi aiki, wannan ɓangaren abincin zai wuce ne ta hanji ya fita a kashi, kai kuwa ka riga ka biya kuɗinsa.

Ga misalin da ya shafi masu haɗa abinci a gida. Ɗanyen waken soya yana ɗauke da wani sinadari da ke toshe tirifsin, wato makullin furotin. Ka zuba wa 'yan tsaki ɗanyen soya, za su ci, amma girma sai a hankali. Zafi ne ke kashe sinadarin, shi ya sa ake soya waken ko a turara shi kafin a niƙa. Sai dai kar a wuce gona da iri. Idan ya ƙone ya yi baƙi-baƙi, an lalata laisin, ɗaya daga cikin tubalan da jiki ke gina nama da su. Ana so ya gasu ya yi ƙamshi, ba ya babbake ba.

Misali na biyu shi ne fosfaras, wanda ƙashi ke bukata. Hatsi da dusa suna da shi, amma kusan kashi biyu cikin uku a ɗaure yake, kuma kaza ba ta da isasshen makullin kwance shi. Shi ya sa tun daga 1991 aka fara sayar da wani enzayim mai suna faitez ana zubawa a abincin kaji. Idan ka ga an rubuta a buhu cewa akwai enzayim a ciki, ba adon talla ba ne kawai. Amma ka sani, enzayim shi kansa furotin ne, zafi mai yawa na lalata shi, kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa idan aka dafa, ba ya komawa ruwa. Don haka buhun abinci ba na ajiyewa a rana ko jikin kwano mai zafi ba ne.

MURHUN DA KE CIKIN JIKI

To, sukari ya shiga jini. Daga nan sai ina? Jikin kaza da na kifi an gina su ne da ƙwayoyin halitta, ƙanana da ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu 'yan murhuna da ake kira maitokondiriya. A nan ake ƙona sukari da mai, ba da harshen wuta ba, sai dai mataki-mataki, kowane mataki da enzayim ɗinsa. Ƙarfin da aka samu ana adana shi a wani sinadari da ake kira ATP. Ni nakan kwatanta shi da cajin waya: ana cika shi, ana amfani da shi, ana sake cikawa, dare da rana. Bugun zuciya, numfashi, motsi, haɗa ƙwai, gina tsoka, duk da ATP ake biya.

Wani masani mai suna Hans Krebs ne ya gano tsakiyar wannan aiki a 1937, a garin Sheffield na Ingila, kuma da naman ƙirjin tantabara ya yi gwajinsa. An ba shi kyautar Nobel a 1953. Ka ga ashe ilimin nan tun asali da tsuntsu aka fara shi.

Ga adadin da nake so kowa ya riƙe. Idan akwai iskar oksijin, ƙwayar sukari ɗaya tana ba da ATP kimanin 30. Idan babu, 2 kacal take bayarwa. Abinci ɗaya, kuɗi ɗaya, amma bambancin ya kai ninki 15. Murhun da aka toshe wa iska, ai hayaƙi kawai za ka sha.

Haka kuma enzayim ɗin murhun nan ba sa aiki sai da 'yan rakiya, wato bitamin na dangin B. Shi ne dalilin zuba firimis a abinci, duk da ɗan kaɗan ake sawa. Idan 'yan tsaki suka rasa bitamin B2, za ka ga yatsunsu sun nannaɗe ciki suna tafiya a kan gwiwa. Masu haɗa abinci suna tsallake firimis don rage kuɗi, ku sani kun sayi itace ne kun ƙi sayen ashana.

KAZA: MAI ƊUMAMA KANTA

Kafin jiki ya ƙara ko giram ɗaya na nama, sai ya biya kuɗin rayuwa tukuna. A wajen kaza babban kuɗin shi ne riƙe zafin jiki a kan digiri 41 ko sama kaɗan, ko ana sanyi ko ana zafi, domin a nan enzayim ɗinta suka fi aiki.

Da hunturu, daren Kano ko Jos kan sauko ƙasa da digiri 15. Kazar da ke cikin sanyi za ta ƙara ci, amma ƙarin abincin gawayi ya zama, ba nama ba. 'Yan tsaki sun fi shiga haɗari, don ba sa iya riƙe zafin jikinsu sosai sai sun kai kimanin mako biyu. A makon farko suna bukatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35, sannan a riƙa ragewa da kimanin digiri 3 duk mako. Idan ka ga sun cunkushe a gindin fitila suna kuka, sanyi suke ji. Idan sun gudu jikin bango, zafi ya yi yawa. Idan sun bazu ko'ina suna ci suna sha, ka dace. Gaskiya gawayi da labule sun fi abinci araha, don haka kar ka bari kaza ta yi ɗumi da buhunka.

Da bazara kuma labari ya juya. Babbar kaza ta fi sakewa tsakanin digiri 18 da 24, alhali a Sakkwato ko Maiduguri watan Afrilu kan haura 40. Kaza ba ta gumi, sai haki. Shi kansa narkar da abinci zafi yake haifarwa a jiki, shi ya sa take rage ci da kanta. Buroila mai nauyi da ta cika ciki da tsakar rana, zafin waje ya haɗu da na ciki, ita ce za ka tarar ta mutu da la'asar, kuma galibi manyan ne ke fara tafiya.

Masu kajin ƙwai, ga abin da ya sa ɓawo ke laushi da zafi. Yawan haki na fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima. Ita kuwa iskar nan da ita jiki ke haɗa sinadarin ɓawo tare da kalsiyam, ta hannun wani enzayim da ke mahaifar ƙwai. Don haka ko ka ƙara garin ƙashi, muddin hakin bai ragu ba, ƙwai zai ci gaba da fashewa.

Abin yi a fili yake. Ka ba da abinci da sassafe da kuma yamma idan gari ya yi sanyi, ka janye shi a tsakiyar zafi. Ruwa mai sanyi kar ya yanke, domin kaza kan sha kusan ninki biyu na nauyin abin da ta ci, da zafi ma fiye. Ka rage cunkoso, ka buɗe wa ɗaki iska, ka shimfiɗa ciyawa ko zana a kan kwanon rufi.

KIFI: JIKINSA NA BIN RUWA

Kifi ba ya ɗumama kansa. Zafin ruwa shi ne zafin jikinsa. Ba ya kuma kashe ƙarfi wajen ɗaukar nauyinsa, ruwa ke ɗauke da shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa tarwada mai samun kulawa kan ƙara kilo 1 da abincin da bai wuce kilo 1 zuwa 1 da rabi ba, abin da kaza ba ta cika kaiwa ba.

Amma wannan rahusa tana da sharaɗi. Tarwada ta fi girma a ruwa mai digiri 26 zuwa 30. Aikin enzayim kan ragu da kusan rabi duk lokacin da zafi ya sauka da digiri 10. Shi ya sa da hunturu, idan ruwan tanki ya kusanci 20, za ka zuba abinci su ƙi tasowa. Sau da yawa ba ciwo ba ne, injin ne ya rage gudu. Kar ka ruga sayen magani, kar kuma ka ƙara abinci. Wanda ba su ci ba ruɓewa zai yi, ya shanye oksijin, ya ƙara amoniya a ruwa, ban da wadda kifin ke fitarwa da kansa. Ka rage abincin, ka jira rana ta ɗumama ruwa kafin ka zuba, ka rufe tanki da leda da daddare amma ka bar kafar iska.

Da zafi kuma matsalar oksijin ce. Ruwa mai digiri 20 na iya riƙe kimanin miligiram 9 a kowace lita, mai digiri 30 kuma kimanin 7 da rabi. Ka ga kenan lokacin da kifi ya fi bukatar iska, lokacin ne ruwa ya fi ƙarancinta. A kududdufi mai koren ruwa, oksijin ya fi yin ƙasa da asuba, domin cikin dare gansakuka ma shaƙa take yi. Kifin da ya ƙoshi kuma bukatar iskarsa na ƙaruwa. Don haka kar ka ciyar da duku-duku, bari rana ta fito.

Wani zai ce ai tarwada na shaƙar iska a sama. Haka ne, tana da wata gaɓa a cikin kai da ke ba ta wannan dama. Amma hawa da sauka ma ƙarfi yake ci, kuma rayuwa daban, girma daban. Ƙananan 'ya'yanta ba su gama haɗa gaɓar ba, karfasa kuwa ba ta da ita sam. Idan ka ga sun taru a sama da safe suna buɗe baki, canza ruwa ko hura iska shi ne gaba da komai, ba abinci ba.

MU YI LISSAFI

Mu ɗauka kana da buroila 100, kana son kowace ta kai kilo 2. Jimla kilo 200 kenan. Idan kilo 1.8 na abinci ke ba ka kilo 1 na nauyi, za ka kashe kilo 360, wato buhu 14 da 'yan kai na mai kilo 25. Idan sanyi, zafi ko cunkoso suka tura ka zuwa 2.3, za ka kashe kilo 460. Buhu 4 sun tafi a banza. Ka buga da farashin buhu a garinku yau, za ka ga ko ribar tana nan.

Shawarata ga mai shirin farawa: kafin ka ƙara yawan kaji ko kifi, ka sayi abu uku marasa tsada. Ma'aunin zafi, sikeli da littafi. Ka rataye ma'aunin daidai tsayin kaza, ba saman kanka ba, na kifi kuma a cikin ruwa. Duk mako ka auna guda goma, ka rubuta nauyinsu da yawan abincin da suka ci, ka raba abincin da ƙarin nauyin da aka samu. Idan adadin ya fara hawa fiye da yadda ya kamata, kafin ka zargi mai sayar da abinci, duba zafi, duba iska, duba ruwa. Idan kuwa mutuwa ta shigo ko ka ga alamar ciwo, nemi likitan dabbobi, kar ka tsaya canki-canki.

Wanda ya gwada auna nasa a makon nan, ya faɗa mana adadin da ya samu da garin da yake, mu duba tare. Allah ya ba da sa'a.