Akun Da Ke Kejinmu, Daga Wane Daji Ya Fito?

Ina yaro a Talata Mafara, babu abin da ke kai ni gidan kawuna a Bakura kamar akun da ke rataye a zaurensa. Yakan amsa sallama, ya kwaikwayi tarin maigida. Abu ɗaya ya ɗaure mini kai: jelarsa ba ja wur ba ce kamar ta sauran, launinta kamar busasshen zoɓo, bakinsa na sama kuma da haske-haske.

Sai da na girma na gane cewa Timneh ne, ƙanen akun da muka saba gani, wanda masana suka ware a matsayin jinsi na daban a 2012. Mazauninsa kurmi ne mai yawan ruwan sama a Gini Bisau, Gini, Saliyo, Laberiya da Kwaddibuwa. Yana son 'ya'yan kwakwar manja, kuma a kogon tsohuwar bishiya yake yin ƙwai.

Mai karatu, mu da muka tashi da Magana Jari Ce ta Abubakar Imam mun ɗauki aku tamkar ɗan gida, alhali baƙo ne da fatauci ya kawo. Kafin ɗaya ya iso keji, da dama sun mutu a hanya. Wani bincike ya nuna Gana ta yi asarar kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunta tun daga 1992. A 2016, taron yarjejeniyar CITES a Johannesburg ya haramta cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe.

Kada mu ce wannan matsalar mutanen kurmi ce. Mu ma muna da tsirya, 'yar koriya mai doguwar jela, ita ma a kogon bishiya take hayayyafa. Madatsar Bakolori, da aka kammala a 1978, ta cinye ƙasa mai yawa a wajejen Maradun, aka kuma share wata domin noman rani. Manyan itatuwan da suka rage, gatarin masu gawayi yana bin su.

Roƙona ga 'yan'uwana ma'aikata da 'yan kasuwa shi ne, in an kawo mana aku a kwali, mu ce ba mu so. Mai kama ba zai hau bishiya ba sai don akwai mai saye. Tsohuwar bishiyar gona kuma a bar ta a tsaye. Allah Ya sa mu gane.