Kunne da Ƙwaƙwalwar Kwamfuta: Zaɓen Na'urar Haɗa Kiɗa a Birnin Zariya

Ranar hawan Sallah, mai busa algaita a ƙofar fadar Sarkin Zazzau ba ya dogara da komai face huhunsa da leɓunansa. Matasan da ke haɗa kiɗa a shaguna da soraye, daga Babban Dodo zuwa Ƙofar Doka, su kuwa sana'arsu ta koma cikin kwamfutar tafi-da-gidanka. A shekarun 1990 fiyanon Yamaha ce ke fitar da kiɗan finafinan Hausa. Daga baya manhajoji irin su FL Studio da Cubase suka karɓe yawancin aikin. Saboda haka wanda ya yi kuskuren zaɓen kwamfuta, jarinsa ne ya zube.

Alƙalin wannan zaɓe shi ne kunne. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga kaɗawa 20 zuwa kamar 20,000 a cikin daƙiƙa guda. Domin kada komai ya ɓace, kwamfuta kan yanka sautin daƙiƙa ɗaya gutsure 44,100, sa'an nan ƙwaƙwalwarta, wato furosesa, ta sarrafa su ƙunshi-ƙunshi. Ƙunshi mai gutsure 128 yana jawo jinkirin kusan milisakan 3, wato kashi uku cikin dubu na daƙiƙa; mai gutsure 512 kuwa, kusan milisakan 12. Mawaƙin da ke sauraron muryarsa ta na'urar kunne yakan fara lura da jinkiri idan ya zarce kimanin milisakan 10, sai ya riƙa saɓa wa kiɗan. Ƙaramin ƙunshi yana rage jinkiri, sai dai yana ƙure wa furosesa lokaci. Da zarar ta makara, sai a ji sautin yana ƙaras-ƙaras.

A nan ne masu saye ke ruɗuwa da sunan da ke manne a jikin na'ura. Core i7 ta 2012 ba ta kai Core i5 ta 2020 ƙarfi ba, ko da yake bakwai ta fi biyar a lissafi. Zamanin furosesa ake fara dubawa, sai harafin ƙarshen lambarta: a kamfanin Intel, U alama ce ta mai tattalin batir, H kuwa ta mai ƙarfi wadda ke shan wuta. Yawan sassan furosesa yana taimakawa idan layukan kiɗa sun yi yawa, amma gyare-gyaren da aka jera a kan murya guda bi da bi ake yin su, don haka saurin kowane sashe shi kaɗai yana da muhimmanci. Ma'ajiyar wucin gadi, RAM, kada ta gaza gigabait 8, 16 kuwa ta fi kwanciyar hankali. Rumbun ajiya kuma ya zama SSD.

Abin da takardar bayani ba ta faɗa shi ne zafi. Ɗan Adam yana gumi ya huce, furosesa kuwa sai fanka. A bazarar Zariya, tsakanin Maris da Afrilu, idan ta yi zafi fiye da kima takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe mata kafofin iska. Ga kuma ƙarar fankar na shiga makirufo a ƙaramin ɗaki. MacBook Air mai furosesa M1, wadda ta fito a 2020, ba ta da fanka ko ɗaya, sai dai kuɗinta da wahalar gyaranta sun sa ba kowa ke kusantarta ba.

Da yake da yawa ta hannu suke saye, gwajin minti biyu a gaban mai shago bai wadatar ba. A buɗe waƙa mai layuka talatin, a sa ƙunshi a 128, a bar ta tana juyawa rabin sa'a. Daga nan a zare cajar, kamar an ɗauke wuta, a sake saurara.